Farin Tawul a Tagar Helmi

"Ba za ka shiga ba, Baba."

"Matsa."

"Ba ni na hana ba! Karanta takardar da ke jikin ƙofa!"

Ban karanta ba. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma ba shi ne dalili ba. Na riga na ji a rediyo tun da safe. Korona ta shigo Michigan, an rufe gidajen tsofaffi, ba shiga sai ma'aikata.

Lorna ce tsaye a gabana, autata. Wata biyu ke nan ban yi mata magana ba. Ita ma ta zo ganin uwarta ne, ta tarar da ƙofa a kulle.

Ina riƙe da ƙunshin nisu, burodin nan namu mai ƙanshi da matata Helmi take so da kofi. Sha biyu saura minti biyar. Kullum a wannan lokacin nake zuwa, in zauna mu ci abincin rana tare.

Wata nas mai suna Patrice ta buɗe ƙofar kaɗan, fuskarta rufe da takunkumi.

"Mista Lahti, ka yi haƙuri. Za mu riƙa haɗa ku ta waya mai hoto. Kullum ma, in kana so."

"Shekara hamsin da huɗu ina auren matar nan. Ban taɓa yi mata magana ta cikin akwati ba."

"To ga taga. Ɗakinta a sama yake, amma in ka tsaya a wurin ajiye motoci sai mu kawo ta..."

"In tsaya a waje ina leƙe kamar karen da aka kora?"

"Baba, don Allah!" in ji Lorna.

Na juyo na dube ta.

"Ke kika kawo ta nan. Ga shi an kulle. Sai ki huta."

Na ajiye burodin a kan dakalin ƙofa, na shiga motata na tafi.

Ni ne Reino Lahti. Shekarata saba'in da tara. Shanun madara na yi kiwo a gonar da ubana ya sare dajinta da gatari. Ba ni da yawan magana, kuma ban saba roƙo ba.

Ciwon mantuwa ya kama Helmi shekara huɗu da suka wuce. Da farko gishiri take mantawa. Daga baya sunayen jikoki. Na riƙe ta a gida, ni ke dafawa, ni ke taje mata kai. Na yi mata alkawari ba mai fitar da ita daga gidan nan sai a akwatin gawa.

A watan Janairu na shiga rumfa ɗebo itace. Ban fi minti goma ba. Na dawo ba ta nan. Mai raba wasiƙu ne ya tsince ta a bakin titi, ba takalmi, dusar ƙanƙara har gwiwa, wai tana neman shanu. Shanun da muka sayar shekara shida baya.

Yatsun ƙafarta biyu suka kusa lalacewa. Daga asibiti Lorna ta sa hannu a takarda aka wuce da ita gidan tsofaffi. Sauran 'ya'yana biyu suna nesa, ta waya suka ce haka ya dace. Amma hannun Lorna ne a takardar, don haka ita na riƙe.

Na ce mata, "Kin kori uwarki kamar saniyar da nononta ya ƙafe."

Bikinta da Curtis yana watan Mayu. Na ce kada ta sa rai zan riƙe hannunta a coci.

Bayan rufe ƙofar nan na zauna a gida. Na ce sai sun buɗe. Waya ta yi ta ƙara a bango, ban ɗauka ba. Na faskare itacen da zai ishi gida uku. Kwana goma sha shida na yi a haka.

Rana ta goma sha bakwai mota ta shigo farfajiya. Lorna ta fito, ta tsaya can nesa kusa da rijiya, da takunkumi a fuska. Ta rame.

"Kar ka matso, Baba. A can nake aiki yanzu."

"Ina?"

"Gidan da Mama take. An rufe shagon gyaran gashina. Suna neman mai wanke tukwane da kai abinci ɗakuna, na karɓa."

"Ke da ko kwanonki ba kya wankewa?"

"Hanyar da zan gan ta ke nan!"

Na ci gaba da faskare.

"Na bar gidan Curtis," ta ce. "Ka san yana da asma. Na kama ɗaki ni kaɗai a bayan kantin magani. Mun ɗage bikin."

"Wannan ku ya shafa."

"Ba shi ya kawo ni ba!" in ji ta. "Baba... Mama ba ta cin abinci."

"Me kuke ba ta?"

"Komai! Miyar dankali, kifi, har nisu na gasa mata da hannuna. Sai ta jera cokali biyu, ta rufe kwanon da faranti, ta naɗe hannu. In na ce ki ci, sai ta ce, ‘Reino bai shigo ba.’ Ruwa kawai take ɗan kurɓa. Zobenta ya zame ya faɗi jiya. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, makonni ne..."

Gatarin ya yi mini nauyi. Na jingine shi.

Su ba su sani ba, ni na sani. Shekara hamsin da huɗu Helmi ba ta taɓa kai loma baki kafin in shigo daga gona ba. Ba ni na sa ta ba, haka uwarta take yi. Wata biyun da ta yi a gidan tsofaffin tana ci ne don ina zaune a gabanta. Ta manta shekarun duniya, ba ta manta wannan ba.

Ni kuma ina nan ina faskare.

"Gobe sha biyu," na ce. "Ki kawo ta taga."

Washegari na tsaya a wurin ajiye motoci, hannuna cikin aljihu. Ga mutane nan birjik. Wata mata ta ɗaga jariri tana nuna wa tsoho ta gilashi. Wani ya rubuta saƙo a kwali. Waɗanda nasu ke ƙasa suna manna tafin hannu a taga. Na tsaya a gefe, kunya ta ishe ni.

Tagar sama ta uku daga hagu. Lorna ta turo Helmi a keken guragu, ta buɗe tagar iyakar yadda take buɗuwa, kamar faɗin hannu.

Na ga matata. Fuskarta ta koma kamar ta ƙaramar tsuntsuwa.

"Mama, dubi can! Ga Baba!"

Na ɗaga hannu. Helmi ta leƙo, ta ƙanƙance ido. Muryarta ta sauko mini ƙasa-ƙasa, amma na ji sarai.

"Wane ne wannan tsohon?"

"Baba ne mana!"

"Kai, yarinya! Mijina yana gona. Ki ce wa wannan ba ma sayen komai yau."

Wani mutum kusa da ni ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Na so ƙasa ta tsage.

Har na juya zan tafi, sai na ga abin da take yi. Farin tawul ne a cinyarta, na goge hannu. Ta ninka shi a tsaye, a hankali, ta miƙa hannu tana ƙoƙarin rataya shi a mariƙin taga. Ba ni take kallo ba. Can take hange, wajen filin cocin da ke bayan motocin, wanda ba kowa a cikinsa.

Na fahimta.

A gonarmu ba a jin kira saboda ƙarar tarakta. In abinci ya nuna, Helmi takan rataya farin tawul a ginshiƙin baranda. In na gani daga gona sai in ba ta amsa da hulata. In na ɗaga ta sama cak, ina zuwa ke nan. In kuwa hadari ya taso ga ciyawa a shanye, sai in juya hular a sama sau uku. Ma'anarsa ku ci, kada ku jira ni. Nan ne kawai take yarda ta ci ba ni.

Reinon da ke cikin kanta ba tsoho ba ne mai farin gemu. Ɗan shekara arba'in ne a kan jar tarakta.

Taraktar tana rumfar kayan gona. Shekara shida ba a tada ta ba. Ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin kujera. Na yi ta fama da ita har yamma, ko tari ba ta yi ba.

Bakanike ɗaya ne a yankinmu da ya san irin waɗannan tsofaffin injina. Curtis ne, wanda zai auri Lorna. Ban taɓa son shi ba. Surutu gare shi, ga ɗan kunne a kunnen hagu, namiji guda.

Na ɗauki waya. Sai da na ajiye sau biyu kafin na kira.

"Lahti ne. Tarakta ta ƙi tashi."

"Mista Lahti? Kai ne da kanka? Bari in zauna kar in faɗi!"

"Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

Da sassafe ya iso da akwatin kayan aiki. Ya tsaya a wancan gefen injin, ni a wannan.

"Wannan ai ta girme ni," ya ce. "Me kake ba ta, man fetur ko addu'a?"

"Gyara ka zo yi ko wa'azi?"

"Duka biyun, ai ranar Lahadi ba a zuwa coci yanzu."

Ya sauya batir, ya wanke bututun mai, ya busa, ya zagi wani noti da ya ƙi kwancewa. Can ya sassauta murya, abin da ban saba ji daga gare shi ba.

"Ka gan ta jiya?"

"Wa?"

"Lorna. Ta rame ko?"

"Kai ba ka ganinta?"

"Ta gilashin mota. Kullum in ta tashi aiki nakan tsaya a ƙofar ɗakinta. In ce, masoyiyata, bari in rungume ki sau ɗaya, in na mutu na mutu. Ta ce in rufe mata baki." Ya goge hanci da bayan hannu, baƙin mai ya shafe shi. "Taurin kai gare ta. Ban san inda ta gado shi ba."

Na harare shi. Ya murɗa makulli. Tarakta ta yi tari sau uku, ta fesa baƙin hayaƙi, ta kama.

Mil goma sha ɗaya ne daga gona zuwa gari. A tarakta sa'a ɗaya da kwata. Ba ta da rufi. Iskar babban tafkin yankinmu tana yanka fuska, motoci suna bina a baya suna danna oda. Ban kula su ba.

Na shiga filin cocin sha biyu saura kwata. Na sanya tsohuwar rigata mai ja da baƙi, da koriyar hular da na yi shekara ashirin da ita. Na kama tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in juyo, kamar mai huɗa. Ban kalli taga ba sai da na yi zagaye huɗu.

Ga shi nan. Farin tawul, a ninke a tsaye.

Na tsaya. Na miƙe a kan taraktar. Na cire hula, na juya ta a sama. Ɗaya. Biyu. Uku.

Na ga inuwarta ta ɗan jima. Sai ta cire tawul ɗin, ta juya ciki.

Na ci gaba da zagaye. Ban san me ke faruwa ba. Bayan kamar rabin sa'a taga ta buɗe, Lorna ta zuro hannu da kwano, ta kifa shi. Ba abin da ya zubo.

"Ta cinye!" ta ƙwalla. "Baba, ta cinye! Ta ce wai kai kullum sai ka bar abinci ya huce!"

Na mayar da hula, na ja ta ƙasa sosai. Iska ce ta sa idona ruwa.

Kwana arba'in da ɗaya na yi ina zuwa. Rana biyu dusar ƙanƙara ta sauka a kaina, ruwan sama kuwa ban ƙirga ba. Faston cocin ya fito ya ga yadda na tattake masa ciyawa, ya buɗe baki, Patrice ta yi masa bayani daga nesa, ya koma ciki. Tsofaffin gidan suka fara jeruwa a tagogi da sha biyu. Wani da ya yi noma a zamaninsa ya aiko a gaya mini layina ba ya miƙewa. Na ce a gaya masa ya sauko ya gwada.

Helmi ta mayar da jiki. An mayar mata da zobenta.

Kullum bayan kwano ya ƙare Lorna takan ɗaga mini hannu. Nakan gyaɗa kai. Iyakar maganarmu ke nan. Na san ya kamata in ce wani abu, amma na ce sai an buɗe.

A mako na biyu na Mayu ciwon ya shiga gidan. Duk da kullen da aka yi, ya shiga. Tagogi suka fara raguwa. Mai cewa layina ba ya miƙewa, ranar Juma'a ban gan shi ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Ranar Litinin tawul ya fito, amma a makare. Ranar Talata na yi zagaye har ƙarfe biyu, bai fito ba. Patrice ta leƙo ta ce Helmi na da zazzaɓi, ana kula da ita, in je gida. Laraba da Alhamis haka. Na riƙa zuwa duk da haka. Na ce ko ba ta gani, tana jin ƙara.

Ranar Juma'a tawul ya fito.

Kallo ɗaya na yi masa na san ba ita ta rataya ba. Helmi a tsaye take ninkewa, gefe da gefe daidai. Wannan an jefa shi ne kawai a kan mariƙi.

Na kashe injin.

Patrice ta fito ta ƙofar baya, cikin rigar leda. Ta tsaya a bakin filin.

"Mista Lahti... numfashinta ya yi ƙasa. Ba na jin za ta kai Lahadi. An yarda mutum ɗaya ya shiga sallama, rabin sa'a. Amma ka san shekarunka. In ka kamu..."

"Ina ƙofar?"

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Ina ƙofar?"

Kafin in sauka na dubi tagar. Na san ba za ta gani ba. Na cire hula na ɗaga ta sama cak.

Suka sa mini rigar leda, takunkumi, gilashin fuska, safar hannu. Na dubi kaina a madubin ƙofa, ni ma ban gane kaina ba.

Ɗakin ƙarami ne. Lorna tana zaune a gefen gado, ita ma a rufe, idanunta jajir. Helmi tana kwance, da roba a hanci. Gashinta a taje yake, an yi mata kitso biyu kamar yadda take yi tana budurwa.

Ta buɗe ido ta gan ni, ta tsorata. Ta ja bargo.

"Wane ne? Ba na son allura..."

"Mama, Baba ne."

"A'a... a'a..."

Na kai hannu zan cire takunkumin. Patrice ta ce daga ƙofa, "Don Allah, Mista Lahti!"

Na sauke hannu. Na zauna. Ban san abin yi ba, sai na ɗora hannuna na dama a kan nata.

Injin yankan ciyawa ya cinye mini yatsu biyu a shekarar da aka haifi Lorna. Helmi ce ta naɗe hannun da tawul ta kai ni asibiti a mota tana zagina har muka isa. A cikin safar, gurbin yatsun nan biyu fanko ne, sai leda ke lilo.

Yatsunta suka fara lalube. Ta taɓa babban yatsa, ta taɓa na biyu, na uku. Ta matsa fankon ledar. Ta sake matsawa. Ta ja hannun zuwa hancinta. Ko sabulun da suka sa na wanke bai kashe warin man tarakta ba.

"Reino?"

"Ni ne."

"Ka makara."

"Na makara."

"Ka gama filin?"

"Na gama."

"Duka?"

"Duka. Ba sauran komai a waje."

Ta saki numfashi. "To mu ci. Yarinya, kawo wa babanki abinci."

Lorna ta tashi tana toshe baki. Akwai kofi a kan teburi da ɗan yankan nisu. Ta tsoma shi har ya yi laushi, ta miƙo mini cokali. Na kai bakin Helmi. Ta karɓi kaɗan, kamar abin da tsuntsu zai ɗauka.

"Kai fa?"

"Ina ci." Na kai cokalin kusa da takunkumi, na motsa baki.

"Ka wanke hannu kuwa? Wari kake kamar gareji."

Lorna ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Helmi ta juya ido wajenta. Ta daɗe tana kallo.

"Me aka yi wa yarinyar nan? Kai ne ko? Ka daina yi mata tsawa, Reino. Ita ce mai kama da kai, shi ya sa."

"Na daina."

Minti ashirin sun tafi. Ina da magana a ƙirji, na san in ban faɗa yanzu ba babu wani lokaci.

"Helmi. Kwana goma sha shida na bar ki da yunwa. Girman kai ne ya hana ni zuwa. Ki yafe mini."

"Hadari ne ya riƙe ka," ta ce. "Ai na gani."

"Ba hadari ba ne."

"Yi shiru, ka cika gardama."

Na sunkuya har gilashin fuskata ya taɓa goshinta. Akwai sunan da na kira ta da shi sau ɗaya tak, ranar aurenmu, a bayan coci, lokacin da ba kowa. Daga nan kunya ta hana ni maimaitawa.

"Zinariyata..."

Ta buɗe ido sosai. Na rantse a wannan lokacin ta san ko ni wane ne, ta san shekarunmu, ta san komai.

"Ji tsohon banza," ta ce. "Sai yau?"

Ta yi murmushi, ta lumshe ido, hannunta riƙe da fankon safar.

Patrice ta bar ni minti hamsin. Na ga tana kallon agogo tana kau da kai.

Helmi ta rasu washegari Asabar, gab da sha biyu. Lorna na riƙe da ita. Ni ina filin coci, injin yana aiki. Taga ta buɗe, Lorna ta leƙo, ba tawul, ba kwano. Na kashe injin. Na zauna a wurin har rana ta karkata.

Mutum goma kawai aka yarda su je maƙabarta, kowa nesa da kowa. 'Ya'yana biyu ta waya suka kalla, Curtis ne ya riƙe musu ita daga bakin shinge. Ba wanda ya rungumi wani. Ba a sha kofi a zauren coci ba, kamar yadda Helmi ta dafa wa masu makoki a garin nan shekara da shekaru.

An ce ni da Lorna mu killace kanmu mako biyu. Ta nufi motarta za ta koma ɗakinta na bayan kantin magani.

"Akwai ɗakinki a gida," na ce, ina kallon ƙasa.

Ta tsaya. "Ka tabbata?"

"Ba na maimaita magana."

Ta biyo ni. Kwana biyu muna gida ɗaya, sannu ce kawai ke haɗa mu. Curtis yakan ajiye kayan abinci a bakin titi, ya tsaya ya ɗaga mata hannu, ita kuma tana baranda tana kuka.

Rana ta uku, sha ɗaya saura kwata ta yi, na ga kaina a kan tarakta. Jikina ya saba. Sai da na kai bakin titi na tuna babu inda zan je. Na juya na shiga tsohuwar gonar ciyawa. Na yi ta zagaye, ban san sau nawa ba. Na so in yi ta tafiya har mai ya ƙare.

Da na juyo ta wajen gida sai na ga fari a ginshiƙin baranda.

Tawul ne. An yi ƙoƙarin ninke shi a tsaye, amma gefe ɗaya ya fi tsawo. Lorna tana tsaye a gefensa, ta rungume hannu, tana jira ta ga abin da zan yi.

Na cire hula. Hannuna ya fara juyawa da kansa, don kwana arba'in da ɗaya abin da ya saba ke nan. Ku ci, kada ku jira ni. Ya yi zagaye ɗaya. Na ga kafaɗunta sun sauka, ta juya za ta shiga.

Na tsayar da hannun. Na miƙe tsaye, na ɗaga hular sama cak, na riƙe ta a haka har ta waiwayo ta gani.

Miyar dankali ta yi. Ta jera cokali biyu. Na wanke hannu na zauna.

"Gishiri ya yi yawa," na ce.

"Na sani."

Na sha cokali uku.

"Da ba ki sa hannu a takardar nan ba, da a bakin titi za ta mutu, ita kaɗai cikin sanyi. Na sani tun ranar. Maganar saniya da na yi miki... ban kyauta ba."

"Baba..."

"Bari in gama. Ba zan iya sau biyu ba." Na ajiye cokali. "Ki gaya wa mai ɗan kunnen nan ya sa rana. Zan riƙe hannunki."

Ta taso ta zagayo teburin, ta kifa kanta a kafaɗata tana kuka kamar lokacin da take ƙarama. Ni da ita ba a hana mu taɓa juna ba. Na ɗora hannun nan mai yatsu uku a kan gashinta.

Kujerar Helmi tana gabanmu, ba kowa a kai. Miyar ta huce. Muka cinye ta a haka.